Daga Soho zuwa Dalston: Bin Sawun Kiɗan Jaz a Landan

Na sauka Landan a watan Nuwamba, lokacin da ake bikin jaz na shekara-shekara na kwana goma. Rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu na yamma, ga sanyi mai ratsa ƙashi, don haka a tanadi rigar sanyi mai kauri. Daga filin jirgin Heathrow na bi jirgin ƙasa na layin Elizabeth zuwa tashar Tottenham Court Road. Katin banki ake ɗorawa a kan na'ura wajen shiga da fita. A yi amfani da kati guda: wanda ya shiga da kati ya fita da waya, na'ura za ta ɗauka tafiya biyu ce ba a kammala ba, ta caje shi kuɗi mafi tsada. Bas ma ba ya karɓar tsabar kuɗi.

Tafiyar minti biyar a ƙafa ta kai ni lamba 47, titin Frith a unguwar Soho, gidan kiɗan jaz na Ronnie Scott's. Masu busa saksofon biyu, Ronnie Scott da Pete King, suka buɗe shi a 1959 a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a titin Gerrard, suka dawo nan a 1965. Ɗakin ba shi da girma. Fitilu jajaye a kan tebura, kujeru hawa-hawa, har kana jin numfashin mai busa kafin sautin ya fito. Tikiti ta intanet ake saya tun makonni kafin ranar. Wanda ya makara sai ya jira wasan cikin dare, wanda ya fi araha, amma ya lura: jirgin ƙarƙashin ƙasa Juma'a da Asabar kaɗai yake kwana yana aiki, a wasu layuka. Ana sayar da giya, sai dai ba mai tilasta maka. Lemo ya wadatar.

A nan ne mutum zai gane yadda jaz ɗin Birtaniya ya samu muryarsa. Tun tsakiyar shekarun 1930 har zuwa 1956, ƙa'idar ƙungiyoyin makaɗa ta hana 'yan Amurka yin wasa a ƙasar, sai 'yan gida suka riƙa koyo daga faifai. Ko da aka sassauta, musaya ake yi: a 1961 Ba'amurke Zoot Sims ya zo gidan Ronnie, Tubby Hayes ɗan Birtaniya kuma ya tafi New York. Asalin kiɗan na baƙaƙen fatar Amurka ne, babu mai ja. Amma abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar na Birtaniya tamkar kwaikwayo. Joe Harriott, ɗan Jamaika da ya zo a 1951, ya ɓullo da salon da ba ya bin tsayayyen ma'auni a daidai lokacin da Ornette Coleman ke nasa a Amurka. 'Yan ƙungiyar Blue Notes, su Dudu Pukwana da Louis Moholo, sun gudo wa mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, suka kawo wani zafin kiɗa da Landan ba ta saba ji ba.

Kashegari na leƙa 100 Club a titin Oxford, inda ake kiɗa tun 1942. Yanzu ba kullum ake jaz ba, a duba jadawali tukuna.

Dare na uku na nufi Dalston: layin Victoria zuwa Highbury & Islington, sannan jirgin Overground zuwa Dalston Kingsland. Da rana kasuwar Ridley Road na nan kusa, doya da busasshen kifi jibge. Gidan Vortex yana dandalin Gillett, a saman bene, ɗan ƙarami ne, gwiwarka na kusan taɓa ganga. Matasa ne suka yi wasa. Mai ganga ya ajiye bugun jaz irin na New York, ya kama bugun Afrobeat, masu busa suka hau kai. Ba abin mamaki ba ne: Fela Kuti, jagoran Afrobeat, a kwalejin kiɗa ta Trinity da ke Landan ya yi karatu daga 1958, kuma ƙungiyar Tomorrow's Warriors da Gary Crosby da Janine Irons suka kafa a 1991 ta horar da yara kyauta. Daga cikinsu Ezra Collective ta fito, wadda mai gangarta Femi Koleoso ɗan asalin Najeriya ne. A 2023 ta zama ƙungiyar jaz ta farko da ta ci kyautar Mercury, wadda ake ba faifan da ya fi fice a shekara a Birtaniya da Ireland.

A bakin ƙofa makaɗan da kansu ke sayar da faifansu. Na sayi biyu, na yi sauri don kada jirgin ƙarshe ya wuce ni.