Yana can, bai gusa ba

Iskar daren jiya ta karkatar mana da farantin satalayit, yau da hantsi mai gyara ya hau rufi. Ɗana Abba na ƙasa yana riƙe masa tsani, sai na ji ya ce, "Baba, rana tana tafiya, wata yana tafiya, shi wannan me ya sa ake ɗaure farantinsa wuri ɗaya?" Wallahi na yi shiru. Mai gyaran ne ya cece ni. Ya ce ai tauraron gudu yake yi, sai dai a nisan kusan kilomita 36,000 saman layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, zagayensa ɗaya daidai yake da juyin duniya ɗaya, shi ya sa kullum kamar a tsaye yake. Sai ya nuna gabas da sifana ya ce, "Namu na Najeriya ma yana can wajen."

Tun da ya tafi nake tunanin NigComSat-1R, wato tauraron sadarwar nan namu na Najeriya da ya nuna. Na tuna na farkon, wanda aka harba daga Xichang ta ƙasar Sin a 2007, ya mutu a 2008 saboda fukafukansa masu zuƙar hasken rana sun lalace, muka yi ta dariya a majalisa wai tauraronmu ya ɓata. A Disambar 2011 aka harba madadinsa, wato NigComSat-1R ɗin nan, ana sarrafa shi daga Abuja, shi kuwa ban taɓa jin an yi hirarsa a majalisa ba. Shekara 15 aka tsara zai yi yana aiki. Na ƙirga da yatsa, ashe ya girmi Abba.