Ɗaki Uku, Shekara Shida

Ta ƙofar sito na shiga harkar gini. Aikina na farko riƙe littafi da makulli ne: buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, tifa nawa ta sauke yashi, lebura nawa suka zo aiki. Daga nan na koma mai tsaya wa mutane a kan gininsu, ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda ba su da lokacin wuni a rana. Na yi shekara tara ina wannan kafin a sa diga a nawa filin, can bayan garin Kano. Abin kunya, da na tashi nawa ginin sai da na maimaita kusan rabin kurakuran da na sha yi wa masu gida dariya a kansu.

A watan Maris na 2018 dillali ya goya ni a babur ya kai ni. Fuloti ne hamsin da ɗari, a shimfiɗe, busasshe ƙayau, ga araha. Ban yi wata-wata ba na biya. Da na koma a watan Agusta, sai da na naɗe wando. Ruwan unguwar duka nan yake taruwa, kwaɗi suna ta kiɗinsu a daidai inda na tsara falo. Tsohon maginin da ya koya mini aiki, wanda kowa a wurin gini ke kira Baba, ya tsaya a bakin ruwan ya dube ni ya ce, "Yaro, sau nawa ka ji na ce fili a damina ake ganinsa?" Na ji, har na sha faɗa wa wasu. Arahar ce ta rufe mini ido. Kuɗin burjin da na zuba kafin wurin ya taso ya kusa cike gibin da ke tsakanin filina da wanda na ƙi saya a kan tudu. Wanda ba zai iya jiran damina ba, ya dubi gindin katangun maƙwabta, ruwa yakan bar zanensa a jiki. Ya kuma tambayi yaran unguwa inda suke wasan ruwa, su ba su da la'ada a cinikin.

Maganar takarda ba zan ja ta ba, amma ta wuce a tsallake. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, filayen jiha suna hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum ke samu izinin zama ne, galibi na shekara 99. Yawancinmu kuwa awon igiya muke saya, gonar da aka yanka aka raba. Idan irinsa ne, kada a tsaya ga takardar dillali. A je wurin mai unguwa, a kira maƙwabtan kusurwa huɗu su tsaya a ga iyaka, in kuma gonar gado ce a tabbatar duk magada sun sa hannu, har matan da ke aure a wani gari. Na ga gini ya kai linta sannan wata 'yar'uwa ta iso da takardar kotu. A kuma nemi izinin gini daga hukumar tsara birane, a bar wa hanya haƙƙinta. Taku uku da ka ci na titi, wata rana da jan fenti za a zo karɓarsu.

Zanen da na fara kai wa Baba ɗaki biyar ne da falo biyu. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Wannan aljihunka ne ya zana ko zuciyarka?" Duk wanda ya zaga bayan gari ya san amsar da yawancinmu ke bayarwa: kangaye ne jere, sun kai linta sun tsaya, ciyawa ta fito a falo, awaki na kwana a ɗakin maigida, mai shi kuma yana can yana biyan haya. Muka zauna muka datse zanen yadda za a gina ɗaki uku da falo da kicin da banɗaki a rufe a shiga, sauran kuma su jira ba tare da an fasa komai ba idan lokacinsu ya zo. Wannan shawarar ita ce ta sa yau nake kwana a gidana.

Inda na fi daɗewa ina koyo shi ne wurin da ido ba ya kaiwa. Masu gida suna iya wuni suna zaɓen tayil, su yi musu a kan launin fenti, amma ranar zuba harsashi sai su aiko da kuɗi ta waya. Alhali tayil ana ɓamɓare shi a sake, abin da ƙasa ta rufe kuwa ya rufu ke nan.

Ɗauki bulo. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma bulo mai inci tara da za a dogara da shi bai kamata ya wuce talatin a buhu ba. Na tsaya a inda ake fitar da arba'in da biyar, har hamsin, kuma a ido ba ka bambance su. Baba ba ya musu da mai bulo. Sai ya ɗauki ɗaya ya ɗaga daidai ƙirjinsa ya sake shi a ƙasa mai tauri. In ya tsaya, ko ya rabu biyu, sai a yi ciniki. In ya watse kamar tsaki, sai ya kaɗe hannunsa ya yi gaba. Wani lokacin ma da farce yake gwadawa, ya kankari gefen, in yashi ya zubo shi ke nan. Ni da na zo nawa, na sayi siminti da yashi na ɗauko mai bugawa, na zauna a kan benci ina ƙirga abin da ke fita daga kowane buhu. Ya ji haushi, ya ce ban yarda da shi ba. Na ce masa ni ma ban yarda da kaina ba in aka bar ni da siminti babu mai kallo.

Kankare kuma ma'auninsa sananne ne: ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Matsalar ba a lissafin take ba, a kwanon awo take. Da safe ana cika shi daidai, da azahar kwanon yashi ya fara tozo, na siminti ya fara rama. Sannan ga ruwa. Lebura yana son kwaɓi mai ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin juyawa da zubawa, amma duk ruwan da ya wuce ƙima ƙarfin kankaren yake ci. Abin mamaki, ruwan da ake hana shi lokacin kwaɓi shi yake nema bayan ya kama. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, da ruwan yake haɗuwa ya taurare, shi ya sa ake shayar da shi safe da yamma aƙalla kwana bakwai, kuma sai ya kwana 28 ake cewa ya kai ƙarfinsa. A zafin Afrilu na Kano, kankaren da aka zuba da hantsi aka tafi aka bari, kafin la'asar ya fara tsattsagewa. Na ga mutumin da ya kashe miliyoyi a dekin yana cinikin kuɗin kura biyu ta mai ruwa. Na rasa abin da zan ce masa.

Nawa sakacin a filoli ya faru, wato ginshiƙan kankare da ke riƙe gini. Ranar da za a zuba su aka kira ni wani aiki, na ce ai yarana ne, sun san hannuna. Bayan kwana biyu da aka cire katako sai na ga biyu daga ciki an riga an shafe su da siminti, sumul. Gini ba ya yin kwalliya da wuri haka sai da dalili. Na sa guduma na ɗan ƙwanƙwasa, shafen ya zube, sai ga ramuka kamar saƙar zuma, rodi a waje yana kallona. Ba a soka kankaren ya zauna ba, zobban ƙarfen da ke ɗaure rodi, da ya kamata a jera kusa da kusa, kuma an tazarta su don a rage aiki. Muka fasa muka sake. Birkilan ya ce, "Oga, wallahi haka ake yi ko'ina, kuma ba ya faɗuwa." Gaskiyarsa, haka ake yi a wurare da yawa. Tun daga ranar, in za a zuba wani abu da za a rufe, ko dai ina tsaye ko a ɗaga aikin. Rodi ma da abin awo nake zuwa sayensa, domin wanda ake kira mai kaurin milimita 12 ba kullum yake cika 12 ba.

Sai tsadar kaya, wadda ta koya wa kowa hankali. Lokacin da na fara, buhun siminti bai kai naira 3,000 ba. A farkon 2024 ya haura 10,000. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tsoro ya sa na kwashe abin da na tara na sayi buhu ɗari na jibge a ɗakin da ba a yi wa daɓe ba, ga damina ta kama. Ni da na yi shekaru a sito, na san siminti ba ya son ya wuce wata uku, na san a kan katako ake ɗora shi nesa da bango. Buhu 17 suka zama dutse, yanzu su ne matakalar ƙofar gidana. Wanda kuɗi ya shigo masa kuma bai shirya aiki ba, gara ya mayar da su bulo, ko rodi, ko kwanon rufi. Waɗannan suna iya jira.

Tsakanin jinga da biyan yini babu na zaɓe, mai jinga sauri yake ya gama, mai yini kuma ba ya son rana ta ga ƙarshen aikin. Abin da ya yi mini amfani shi ne yanka aikin gunduwa-gunduwa: harsashi da kuɗinsa, zuwa taga da kuɗinsa, zuwa linta da kuɗinsa, kuma kada kuɗi ya taɓa shiga gaban aiki. Amma in an gama, a biya a ranar. Lebura da abin da ya samu yau ake ɗora tukunya a gidansa, kuma wanda aka ja wa rai a kan haƙƙinsa, a cikin bangonka zai rama.

Darasin da ya fi ba ni kunya ba a wurin magina na same shi ba. Ginin ya kai taga na kawo maiɗakina ta gani, ina ta nuna mata falo. Ta zaga shiru, sannan ta ce, "Malam, a ina zan yi shanya? Ruwan wanke-wanke kuma ta ina zai fita?" Babu amsa. Na cinye tsakar gida da ɗakuna, kicin ɗin na kallon yamma inda ranar la'asar za ta gasa mai girki, ramin masai kuma na tsara shi taku kaɗan daga inda za a haƙa rijiya, alhali ana son aƙalla mita 15 a tsakaninsu, in da hali ma 30. Shekara tara ina gina wa mutane gidaje ban taɓa ganin an kira matar gida wurin zane ba, kuma ita ce za ta wuni a ciki. Muka matsar da ramin, muka juya ƙofar kicin, na haƙura da rabin falon.

Ita ce kuma ta tuna mini soron kakanta a cikin birni, mai kaurin bango da rufin azara, wanda ake barcin rana a cikinsa a tsakiyar bazara babu fanka. Bulo da kwano ba za su ba ka wannan ba, amma ana rage zafi. Na ƙara layi biyu na bulo don silin ya yi sama, na sa manyan tagogi kudu da arewa suna kallon juna, bangon yamma kuma na bar shi da 'yar ƙaramar taga. Rufin ma ban yarda da ƙusa kaɗai ba. Iskar farkon damina ta sha yaye kwano da katakonsa gaba ɗaya ta ajiye a gonar wani, don haka tun wurin zuba linta na sa aka bar ƙarafan da za a ɗaure katakon da su, katakon kuma aka shafe shi da maganin gara kafin ya hau.

Mun tare a ƙarshen 2024. Har yanzu bangon waje babu fenti, ɗakuna biyun da aka datse suna nan a zane cikin akwati, rodinsu ya leƙo ta gefen linta yana jira. Baba ya zo ganin gida bayan sallar Juma'a, bai kalli tayil ba, ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa yana saurare. Da ya gama ya nemi tabarma, aka shimfiɗa masa a ƙarƙashin darbejiyar da na dasa tun shekarar da na naɗe wando, ya ce a kawo masa ruwan randa.