Ƙugin firi-amf ɗin bawul da yadda na bi sawunsa

Jama'a duk wanda ke shirin haɗa firi-amf na faifan garmaho, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin siginar allura kafin ta isa amfilifaya, da bawul, kwalbar gilashin nan mai ƙara ƙarfin sigina, to tun kafin ya kunna ƙarfen dalma ya san cewa inda aka bi da waya ya fi kayan tsada muhimmanci. Ina ganin mutane na ta musu kan wace kwandensa ce ta fi daɗin sauti alhali taransifoma na zaune dab da soket ɗin shiga, wallahi abin yana damuna, don a haka ko me ka saya ƙugi za ka ji.

Dalilin kuwa lissafi ne kawai. Kan allura irin MM, wato mai maganaɗisu mai motsi, abin da yake fitarwa bai wuce milibolt 5 ba, dole a ninka shi kamar sau 100, wato 40 dB, kafin amfilifaya ta iya wani abu da shi. Sannan ga tsarin RIAA da kamfanonin faifai na Amurka suka daidaita a kai a 1954, lokacin yanka faifai ana danne bes don kar layin ya yi faɗi ya cinye fili, ana ɗaga siririn sauti don ya fi ƙarfin ƙarar jikin faifan, shi kuma firi-amf aikinsa ya juya wannan, da kwanoni uku, wato wuraren da ƙarin ke sauyawa, a 50 Hz da 500 Hz da 2122 Hz. To a 50 Hz ɗin nan ƙarin da yake yi ya ɗara na tsakiya da kusan 17 dB, in aka haɗa da 40 dB ɗin kenan ninki wajen 700. Wutar gida kuma a yawancin duniya 50 Hz take, Amurka 60. Ka ga na'urar da kanta an gina ta ne ta fi ƙarfi daidai inda ƙugi yake zaune.

Nawa firi-amf ɗin mai sauƙi ne, bawul ECC83 guda biyu, wadda Amurkawa ke kira 12AX7, kowace tana da tirayod biyu a ciki, wato sassan ƙara sigina, masu ninki 100, sai na ba kowane gefe bawul ɗaya, na sa da'irar RIAA ta rizista da kwandensa zalla a tsakanin matakin farko da na biyu. Rizistan shiga 47k kamar yadda kan MM yake so, na filet, inda sigina ke fita daga bawul, 100k, na katod, sashen da ke sakin lantarki in ya yi zafi, 1.5k, babbar wutar da ke ciyar da filet kusan bolt 250. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne matakin farko yana da tasa turjiyar ta fita, kusan 38k in akwai kwandensa a katod, kuma dole a cire ta daga babban rizistan RIAA ɗin, in ba haka ba sauti zai fito amma ba daidai ba, ka yi ta zargin bawul a banza.

Don Allah maganar wuta ba wasa. Kwandensar bolt 250 tana riƙe caji bayan an zare filogi, kuma tana iya kisa. A sa mata rizista mai zuƙe cajin kamar 220k, a auna da mita kafin a taɓa komai, in ana gwaji da wuta hannu ɗaya a ciki ɗayan a aljihu.

Da na kunna, hita, wato zaren da ke ɗumama katod, ta yi ja, katod ta nuna bolt 1 da ɗoriya, komai lafiya, kiɗa ya fito, amma ƙarƙashinsa ga wani huuuum mai kauri da ba ya tsayawa. Abu na farko da nake yi a irin wannan shi ne in zare wayar garmahon in toshe mashigar da filogin da aka haɗe tsakiyarsa da gefensa. In ƙugin ya ɗauke to daga waje yake, ko wayar sigina ko ƴar siririyar wayar giraun ɗin nan ta garmaho ba a ɗaure ta ba. Nawa bai ɗauke ba, kenan a cikin gida yake.

Daga nan sai kunne. Ƙugin 50 Hz mai taushi ne, can ƙasa, a ƙirji ma kake jinsa, shi yawanci daga maganaɗisun taransifoma ne ko wayar hita. Na 100 Hz ya fi shi tsini, akwai ɗan zzz a jikinsa, wannan daga babbar wuta ne da ba ta tacu sosai ba, ko giraun ɗin da ya bi ta hanyar da kwandensar farko ke zuba cajinta. Nawa mai taushin ne. Sai na kashe, na kwance kusoshin taransifomar, na kunna ina juya ta a hankali da sandar katako, ina juyawa ƙugin na hawa yana sauka, akwai wani kusurwa da ya kusa ɓacewa, in na ƙara matsawa kaɗan ya dawo. Wannan gwajin yana burge ni sosai don da kunnenka kake jin abin da ido ba ya gani. Ban tsaya neman kusurwa ba, na fitar da ita gaba ɗaya zuwa nata akwatin daban da doguwar waya, kuma shawarar da zan ba kowa kenan tun farko.

Ragowar ƙugin na hita ne. ECC83 a bolt 6.3 ana haɗe ƙafa ta 4 da ta 5 sai ɗaya wayar a ƙafa ta 9, kowace bawul na jan miliyam 300, wannan wuta ce mai yawa kusa da girid, mashigar sigina ta bawul, da ke sauraron milibolt 5. Na murɗe wayoyin biyu tam, na kwantar da su a lungun akwatin nesa da girid, daga baya na mayar da hitar DC, don a matakin farko na firi-amf ɗin faifai ni dai ban ga amfanin jayayya a kan wannan ba. Giraun kuma duk na tattara shi wuri ɗaya, ya taɓa jikin akwatin sau ɗaya tak kusa da mashiga, soket ɗin RCA na raba su da ƙarfen da wosha ta roba.

Ƙugi na tafiya sai wata matsalar ta bayyana, in na ƙara murya sai in ga takardar babbar lasifika tana shiga tana fita a hankali, but but but kamar injin kwalekwale. Wannan matakan ne ke magana da juna ta layin babbar wuta, kuma tunda bes ɗin a ɗage yake abin ba ya wuyar tashi. Kowane mataki na ba shi nasa rizista 10k da kwandensa 47 µF, shikenan ta kwanta.

In ka ƙwanƙwasa bawul da fensir ka ji tin a lasifika, musanya ta da ƴar uwarta ka sa mai shirun a inda ya fi damunka, ko ka sa roba ƙarƙashin soket. Ɗan shuuu kuwa da za ka ji in ka kanga kunne da lasifika, wannan na bawul ne ba zai tafi duka ba, allura na sauka kan faifai ƙarar faifan ta rufe shi.

Saura waya daga garmaho, a bar ta gajera. ECC83 a matakin farko ita kaɗai tana ɗora wa kan allura nauyin kwandensa wajen 150 pF, wayar sigina kuma mita ɗaya tana iya ƙara kusan 100, in suka taru suka wuce abin da masu kan allurar suka rubuta sai saman sautin ya yi tsini yana sukar kunne. Nawa na cire ƙaramar kwandensar da ake sawa a mashiga gaba ɗaya, na rage wayar, kuma yanzu aikin da ke gabana shi ne in ƙara bawul ECC82 a mafita don ya iya tura doguwar waya zuwa amfilifaya ba tare da siririn sautin ya dushe ba.