Baƙi'a da saƙon Hajiya

Madina, daren Talata.

Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, alhamdu lillahi, kumburin ya sauka har ta taka zuwa Harami ba keke. Waɗanda suka yi ta bugowa suna tambaya, ta ce a gode muku. Mun kuma samu tuwon shinkafa da miyar kuka a wajen matan nan 'yan garinmu na bayan masauki, Baffa ya ci har yana gumi yana sa musu albarka.

Da asuba na shiga Baƙi'a, maƙabartar Madina. Ana idar da salla aka yi kiran sallar jana'iza, muka sallata, na bi ayarin masu ɗauke da makara muka fita ta gabashin masallaci. Bayan asuba da bayan la'asar ake buɗe ƙofar, maza kawai. Ciki fili ne fetal, tudun ƙasa bayan tudun ƙasa, kowanne da ɗan dutse a wajen kai, ba suna ba rubutu. Tattabaru ko'ina. Da ba don Malam ya zana mana wurin a bayan takardar masauki tun jiya ba, da sai dai in yi ta yawo.

Kana shiga, hannunka na dama, nan ake nuna Abbas baffan Annabi (SAW), da Hasan ɗan Ali, da Zainul Abidina, da Baƙir, da Ja'afarus Sadiƙ. Gaba kaɗan 'ya'yan Annabi mata, sai matansa, ban da Nana Khadija da ke Ma'ala a Makka da Nana Maimuna da ke Sarif. Can ciki ɗansa Ibrahim, wanda ya rasu yana jariri a shekara ta 10 bayan hijira. Sayyidina Usman kuwa sai ka yi tafiya sosai, don lokacin da aka kashe shi a shekara ta 35 a wani lambu aka sa shi a wajen maƙabartar, daga baya aka faɗaɗa ta ta haɗe da shi.

Inda na daɗe shi ne gaban wasu kaburbura biyu da ke jere, waɗanda ake cewa na Imamu Malik da Nafi'u ne. Malik ya rasu a 179, Nafi'u mai ƙira'a a 169. Na tsaya ina tunanin zauren Malam na ƙofar gidanmu. Alwalar da aka koya mana, da ƙabli da ba'adi, duk daga mutumin nan na farko suka gangaro. Warshun da muka rubuta a allo muka wanke kuwa, Warshu a wajen na biyun ya ɗauko. Ga su nan gefe da gefe, duwatsu biyu, mutane na wucewa ba wanda ya waiwaya. Wani dattijo ɗan Nijar ya ji ina addu'a da Hausa, ya matso ya ce, "Malam, wa ke nan?" Da na gaya masa sai ya ajiye takalmansa ya ɗaga hannu, hawaye na bin gemunsa.

Ban ɗauka akwai abin da zai fi wannan tsaya min a rai ba yau, sai da na koma ɗaki.

Hajiya na zaune bakin gado da carbi. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Abba, ka isar min da sallamata wajen Nana A'isha?"

Na ce na isar.

"Ka gane nata?"

Na ce wurin matan Annabi guda ne, duwatsu ne a jere, ba a bambanta wannan da wannan. Ta yi shiru. Sai ta ce ita fa abin da ta karanta a Islamiyya, Nana A'isha ce ta ba da labarin yadda Annabi yake fita Baƙi'a a ƙarshen dare yana nema wa mutanen cikinta gafara. Ita ce kuma ta tambaye shi me za ta ce in ta ziyarci kaburbura, ya koya mata. Ita ce ta bar wa Sayyidina Umar gurbin da ta so wa kanta a ɗakinta, ta ce a kai ta wajen abokan zamanta. "To ga ni na zo daga Kano da ƙafa ɗaya da rabi, sai ta tagogin katanga zan leƙa ta."

Na fara kawo mata bayanin malamai, masu hanawa da masu halattawa, ta ɗaga min hannu. Ta ce ba gardama take yi da dokar masu ƙasa ba, kuma ba ta ce a buɗe mata ba. Daga nan ta sassauta murya ta ce, "Yaya fa? Ka ga inda ake sa alhazai?"

Kun san Kawu, yayanta, a nan ya rasu, aikin hajjinsa na farko, ina firamare. Labari kawai aka kawo gida da jakarsa. Duk shekarun nan in an ambace shi sai a ce ya dace, yana maƙwabtaka da sahabbai, ita ma haka take cewa. Ashe tun daga filin jirgi abin da ke ranta ke nan, ta tsaya a kan ɗan'uwanta ko sau ɗaya. Na ce mata can ciki ne ake sa sababbi, wurin da faɗi, na yi sallama ga kowa da kowa kuma na ambaci sunansa. Gaskiya na faɗa mata, amma na ga ba ta ƙoshi ba.

Na san a da akwai ƙubbobi a kan manyan kaburburan, aka rushe su a 1926. Ni ban ƙi a daidaita kabari da ƙasa ba, kuma akwai wani abu mai sanyaya zuciya a ce khalifa da alhajin ƙauye dutse iri ɗaya ne a kansu. Amma allo guda a bakin ƙofa mai nuna wane yana nan, wance tana can, wannan bai zama bautar kabari ba. Dattijon nan na Nijar saura kaɗan ya wuce limamin mazhabarsa bai sani ba, kuma Allah kaɗai ya san ko zai sake zuwa.

Bayan la'asar na raka ta jikin katangar. Ta riƙe ƙarfen ta daɗe tana addu'a, ni ina tare mata turereniya. Da muka juyo ta sayi dabinon ajwa na tsarabar Inna, ta yi ciniki kamar tana Kurmi, har mai shagon ya yi dariya ya ƙara mata.

Maman Khalil ta bugo, wai ya ƙi cin abinci sai an nuna masa ni a waya. Layi ya yi ta yankewa.

Gobe Uhudu da Ƙuba, mota ƙarfe 7. Na gaya wa Hajiya a can wajen Sayyidina Hamza ba mai shiga, maza da mata duk a bayan shinge ake tsayawa. Ta ce to a tashe ta da wuri, kuma kada in manta da man zafin ƙafarta.