Yadda na zaɓi mai yi wa sana'ata talla

Jakunkuna nake ɗinkawa ina sayarwa ta intanet. Da aiki ya fi ƙarfina, ga ɗinki ga amsa saƙonnin masu saye, sai na fara cigiyar wanda ya san harkar talla ya ɗauke mini wannan ɓangaren. Masu so sun zo da yawa, kowa da daɗin bakinsa.

Irin tambayar da suka yi mini ce ta tace su. Yawancinsu tun ban rufe baki ba sun fara lissafa mini mabiyan da za su tara mini a Instagram. Wata baiwar Allah kuwa biro da takarda ta ɗauko, ta ce in gaya mata ribar da nake samu a kan jaka ɗaya, da ko wanda ya saya yana dawowa, da ko zan iya fitar da oda idan ta ninka gobe. Ta zana mini lissafin a gabana: idan kuɗin da za a kashe kafin talla ta kawo mai saye ɗaya ya wuce ribar jakar, to kowane ciniki asara ne, komai yawan masu danna alamar so. Daga nan hankalina ya kwanta da ita, domin damuwarta ita ce tawa.

Akwai wanda ya rantse zai kai shafina sahun farko a binciken Google cikin wata guda. Shi kansa kamfanin Google ya sha gargaɗin cewa babu mai iya ba da wannan tabbacin, kuma irin wannan aikin yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. Na yi masa godiya muka rabu. Takardun shaidar koyon talla na Skillshop na Google da Blueprint na Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, kuwa ban raina su ba, amma iyakarsu su nuna mutum ya ci jarrabawa. Na fi samun haske da na kira waɗanda baiwar Allahn nan mai biro da takarda ta taɓa yi wa aiki, na tambaye su ko tana ɗaga waya a watan da ciniki ya ja baya.

Wurin da na kafe shi ne mallakar asusu. Shafin Facebook da asusun talla duk da sunana na buɗe su, katin biyan kuɗin ma nawa ne. Ita na ƙara ta ne ta cikin Meta Business Suite, wato manhajar kula da shafukan kasuwanci, da izinin yin aiki, ban ba ta kalmar sirrina ba. Ina roƙon duk mai ƙaramar sana'a ya kula da wannan sosai, domin ranar da aka rabu, wanda asusun ke hannunsa shi zai tafi da mabiya da duk bayanan da kuɗinka ya tara. Ladan aikinta daban muka rubuta, kuɗin da ke tafiya wa Meta daban, ina ganin kowanne da idona.

Mun fara da yarjejeniyar gwaji ta wata uku a rubuce. Ta gargaɗe ni kada in yi ta taɓa tallar a makon farko, saboda tsarin Meta yana buƙatar sakamako, kamar saƙo ko ciniki, kusan 50 cikin mako kafin ya gane irin mutanen da zai riƙa nuna wa, kuma babban gyara yana mayar da shi farko. Haƙurin ya yi mini wuya, amma na daure.

Rahotonta na mako gajere ne: abin da aka kashe, waɗanda suka turo saƙo, waɗanda suka biya. Ta kuma faɗa mini gaskiya cewa tun 2021, da Apple ya sa iPhone yana neman izinin mai waya kafin manhaja ta bibiye shi, alƙaluman Meta ba sa kama kowane ciniki. Saboda haka ta sa ni in riƙa tambayar duk mai saye inda ya fara ganin jakunkunana, in rubuta a littafi. Ƙarshen wata mukan ajiye littafin kusa da rahoton, tallar da ba ta bayyana a ko ɗaya ba sai mu kashe ta, mu mayar da kuɗinta kan wadda ke kawo oda.