Tamostat ɗin da na bari aka cire daga Marsandi 240D

Motar Marsandi ce 240D ta 1982, mai injin gas OM616, silinda huɗu, lita 2.4. Masu irinta sun san allurar gejin zafi tana zama ne kaɗan sama da digiri 80, ta ɗan leƙa 90 idan ana hawa da kaya. Tawa ta fara kaiwa 100 a kan titi miƙaƙƙe cikin zafin Afrilu, sai na sassauta totur ta sauko. Abin da ke damunta ke nan tun farko, kuma da na tsaya na bi shi a hankali da wankin lagireto kaɗai ya ishe ni.

A gareji aka ce mini tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi, kayan ƙasar sanyi ne, a nan ba abin da yake yi sai tare ruwa. Kowa ya sha jin wannan maganar, ni ma na sha ji. Noti uku aka kwance da sifana mai lamba 10, aka zare shi aka miƙo mini, na jefa a but. Har yau in na tuna da hannuna na karɓe shi sai raina ya ɓaci.

Kwana biyu na farko na ɗauka an yi maganin abin, domin a cikin gari allura ba ta wuce 60. Amma da safe injin ya daina ɗumama da wuri, yana ta ƙara da farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas. A babbar hanya kuwa lamarin ya ƙara lalacewa: minti ashirin a gudun kilomita 100, allura ta wuce 100 tana neman 110. Aka ce famfon ruwa ne, muka canza. Tsohon da aka ciro lafiyarsa ƙalau, fukafukansa ba su cinye ba, ba ya yoyo, ba ya girgiza. Aka ɗaure fanbel, aka canza murfin lagireto, ba abin da ya sauya. A Hawan Kibo, ina haurawa Jos a giya ta uku da mutum huɗu a ciki, allura ta taɓa ja a 120, ruwa ya yi ta ambaliya ta siririn hos ɗin da ke wuyan lagireto. A nan gaskit ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da bulok, ya ƙone.

Abin da ya buɗe mini ido ya faru ne bayan an sauke kan injin. Na ɗauko tamostat ɗin daga but ina jujjuya shi, sai na lura faifai biyu gare shi. Akwai babba wanda kowa ya sani, mai buɗe wa ruwan lagireto hanya. A ƙarshen sandarsa kuma akwai wani ƙaramin faifai mai sifirin. Na leƙa cikin gidan tamostat ɗin, ga rami daidai inda ƙaramin faifan nan yake zama. Ramin gajeriyar hanya ce da ke mayar da ruwa daga kan inji kai tsaye zuwa famfo ba tare da ya bi ta lagireto ba. Idan inji na da sanyi hanyar a buɗe take, ruwa na zagayawa cikin inji kawai don ya yi saurin ɗumi. Da zafi ya kai 80 sai tamostat ya fara buɗe babban faifai, ƙaramin kuma yana matsawa yana toshe ramin, har wajen 94 ya rufe shi ruf, duk ruwan ya koma bin lagireto dole. To, ranar da aka zare tamostat, ramin nan ya zauna a buɗe har abada. Ruwa kuwa hanya mai sauƙi yake bi. Kaso mai yawa na tafasasshen ruwan yana juyawa ne a cikin inji, lagireto na samun ragowa. A cikin gari ragowar ta isa har ta yi yawa, shi ya sa allura ke kwanciya a 60. A kan hawa, inda inji ke fitar da duk zafin da yake da shi, ba ta isa ba.

Alamar tana nan tun kafin gaskit ya ƙone, ni ne ban karanta ta ba. Wata rana na tsaya geji na nuna 110, na kashe inji na ɗora hannu a jikin lagireto, na ji zafinsa bai kai yadda ya kamata ba, tsakiyarsa ma ɗumi-ɗumi kawai. Inji na ƙuna lagireto na hutawa, ai wannan ya isa ya gaya wa mutum ruwa ba ya bi ta inda ya kamata.

Gane ƙonewar gaskit ba ya buƙatar na'ura. Da sassafe, inji da sanyi, buɗe murfin lagireto, cika ruwa har wuya, ka tayar. Idan kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa, kuma tana ƙaruwa in an taka totur, iskar silinda ce ke shiga ruwa. Mayar da murfin ka sake tayarwa: hos ɗin sama da ya yi tauri kamar tayar keke cikin minti ɗaya ko biyu, tun ruwa bai yi zafi ba, shi ma shaida ne. Kada ka jira sai baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Nawa bai taɓa gauraya ba, amma gaskit ya tafi tsakanin silinda ta uku da ramin ruwa. Injin gas matsinsa ya ninka na fetur, wannan yana matse iska kusan sau 21, don haka ƙaramar kafa ta ishe shi ya hura ruwan waje. Kan injin ƙarfe ne, ba alminiyom ba, shi ya cece ni. Duk da haka sai da aka ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe aka auna ko ya lanƙwashe, aka kuma duba tsakanin bawul da bawul ko akwai tsaga. Bayan an ɗaure, aka saita bawul da sanyi: tazarar 0.10 na milimita a bawul ɗin shigar iska, 0.30 a na fitar hayaƙi.

Sai asalin ciwon, wato lagireto. Shekaru ana ɗura masa ruwan rijiya da na burtsatse, farin dutse irin na gindin butar shayi ya toshe bututun tsakiya. Daga waje kuma, tsakaninsa da kondensar AC, ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da matattun ƙwari sun yi kauri kamar tabarma, ba ka ganinsu sai ka ciro shi. Na wanke wajen da ruwa daga baya zuwa gaba, ba da matsi mai ƙarfi ba, don ƙarfin ruwa na kwantar da siraran fukafukan. Cikin kuma garin sitirik asid na yi amfani da shi, kimanin kilo 1 a lita 10 na ruwa, wanda shi ne kusan abin da motar ke ɗauka gaba ɗaya. A buɗe hita har ƙarshe, a bar inji ya yi aiki minti 15 da zafinsa, a bari ya huce, a zubar ta ƙasan lagireto da kuma notin zubar da ruwa da ke jikin bulok. Mutane na mantawa da na bulok ɗin, alhali a can laka take kwanciya. Sau uku na ɗauraye da ruwa mai tsabta kafin ya fito garau. Idan akwai maiƙo a cikin ruwan a fara wanke shi tukuna, asid ba ya cin dutsen da mai ya lulluɓe. Lagireton da ya toshe sosai kuwa sai dai masu wanki su buɗe shi su zura wa bututun tsinke ɗaya-ɗaya, ko a sayi wani.

Kafin in saka sabon tamostat na gwada shi tare da tsohon a tukunya a kan risho, da ma'aunin zafi a ciki. Dukansu suka fara buɗewa a wajen 80, suka buɗe sosai kafin ruwa ya tafasa. Tsohon da aka ɗora wa laifi ba abin da ya same shi. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, famfon ruwa da gaskit da kuɗin jan mota duk sun tafi a kan abin da yake lafiya lau. Wajen saye a duba da ido: lamba 80 a jiki, da ƙaramin faifan nan a ƙarshe. Akwai masu faifai ɗaya da ke shiga gidan daidai, amma saka su da cirewa duk ɗaya ne, ramin na nan a buɗe. Akwai kibiya a jikinsa, sama take kallo, kuma a sa sabuwar roba.

Wajen cikawa na haɗa ruwan kulan, wato ruwan maganin da ake zuba wa lagireto, rabi, tataccen ruwa irin na batir rabi. Ba don ƙanƙara ba, don tsatsa da dutse, kuma yana ɗaga matakin tafasa. A zuba a hankali, gaban mota na kallon tudu, hita a buɗe, ana matsa hos ɗin sama har iska ta gama fita, a bar inji ya kai zafin da tamostat zai buɗe, sannan a ƙara abin da ya ragu. Murfin lagireto ma a duba lambarsa, 100 ko 120, ma'ana matsin bar 1.0 ko 1.2, bar kuwa ma'aunin matsi ne. Da matsin bar 1 ruwa ba ya tafasa sai wajen 120, murfin da robarsa ta mutu kuwa a 100 zai sake shi. Kuma kada a taɓa murfin nan inji na tafasa, ko a sheƙa ruwan sanyi a kan injin da ya ƙone da zafi, haka kan inji ke tsagewa.

Na koma Hawan Kibo da kaya iri ɗaya a giya ta uku. Allura ta hau 92 ta tsaya cak, muna kaiwa sama ta dawo 83. Da safe kuma minti biyar zuwa bakwai na tafiya ta kai 80, farin hayaƙin ya ɗauke. Tsohon tamostat ɗin na wanke shi na naɗe a leda, yana cikin but tare da fanbel na ajiya da galan ɗin ruwan da na riga na haɗa.