Gorar ruwa uku sun isa a koya wa 'yan firamare zaizayar ƙasa

Yaron Kaduna ya san launin Kogin Kaduna a damina, ya ga yadda ruwan ke komawa ja. Abin da ba a cika nuna masa ba shi ne jan nan ƙasa ce da ruwan sama ya kwashe daga gonaki, tituna da filayen da ba su da ciyawa. Ana iya nuna masa haka a harabar makaranta da kayan da ake zubarwa, kuma darasin ya fi dacewa da 'yan aji huɗu zuwa shida.

A samo gorar roba uku masu cin lita ɗaya da rabi. A kwantar da kowace, malami ya yanke gefen da ke sama a tsawonta, ya bar bakin gorar yadda yake. Wuƙa ko reza ta tsaya a hannun babba. Sai a cika su da ƙasar wuri ɗaya, har ta kai daidai ƙasan bakin. Ta farko a bar ta tsirara. Ta biyu a rufe ta da busasshen ganyen mangwaro ko ɓawon gyaɗa. Ta uku a shuka gero a cikinta sosai, kusa da kusa, kwana 12 zuwa 14 kafin ranar darasi, a riƙa yayyafa mata ruwa, a ajiye ta inda awaki ba za su kai ba.

Ranar gwaji a jera su a kan katako guda, a ɗaga bayansa da bulo, a ɗaura kofin roba mai haske a bakin kowace. A huda gindin gwangwanin madara da ƙaramar ƙusa wajen wuri goma, shi ne hadarinmu. Kowace gora a zuba mata rabin lita ta cikinsa, daga tsayi ɗaya. Ruwan ta farko zai fito jawur, na biyu da sauƙi, na uku kusan garau. A bar kofunan rabin awa, yara su auna lakar da ta kwanta da rula, su rubuta a littafinsu.

Inda gwajin ke lalacewa ya kamata a fi kula. Idan ƙasar ta bushe ƙayau za ta shanye ruwan duka, kofi ya zauna wayam, don haka a jiƙa dukkansu tun jajibere. Idan aka kwarara ruwan kai tsaye daga buta, rami zai tona, har gorar geron ma ta fitar da taɓo. Ƙasar da ba ta kai bakin gora ba kuwa tafki take yi. Haka nan geron da bai wuce mako guda ba, saiwarsa ba ta riƙe komai ba tukuna. Ni a ganina, ko gwajin ya ƙi, kada malami ya yi saurin gyarawa. Ya tambayi yaran me ya bambanta tsakanin gororin, domin gano cewa dole gangara da yawan ruwa su zo ɗaya shi ne asalin abin da ake so su koya.

Ma'aunin ruwan sama na tafiya tare da wannan. A nemi gora mai miƙaƙƙen jiki, a yanke samanta a kifa shi ciki ya zama mazurari, a zuba tsakuwa da ruwa har su rufe lungu da tudun gindin, a manna rula sifirinta na daidai saman ruwan. A kafa ta a fili, nesa da bishiya da indararo, a karanta kowace safiya a lokaci guda, a zubar a maido ruwan kan sifiri don kada sauro ya yi ƙwai. Ruwa ya fi ƙarfi a Agusta, lokacin dogon hutu, saboda haka a fara tun Mayu, a ci gaba a Satumba.

Milimita ɗaya a jikin rular na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Ajin da rufinsa ya kai mita 7 sau 8, idan aka yi ruwan milimita 20, zai zubo da lita 1,120, kusan jarka 45 mai cin lita 25. Bayan wannan lissafi sai a fita da yaran su bi sawun ruwan daga bakin kwano, su sa alama duk inda ya fara cin ƙasa, nan za a dasa ciyawa kafin ruwa na gaba.